Makulli a Haɓar Zane

Tun da muka dawo daga Katsina ban huta ba. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta ja kujera kusa da kekena ta ce, "Barira, wai da gaske wuta ta kusa cinye ku?" Na ba da labarin nan guntu-guntu har bakina ya gaji, kowace kuma ta tafi da nata guntun ta ƙara masa gishiri. Shekaranjiya a kasuwa na ji ana cewa wai ta taga na diro daga bene da tsohuwa goye a bayana. Gidan da muka sauka ko bene babu. To ga shi nan daga farko har ƙarshe, ku karanta ku bar ni in gama ɗinkin mutane.

Dalilin tafiyar idon Gwaggo Yalwa ne, yayar babana. Yanar ido ce ta rufe mata idanu biyu, har ta kai ba ta bambance komai sai rana da inuwa. Aka ce akwai asibitin ido a Katsina da suke cire ta. Babban ɗanta, Yaya Sanusi, shi ya kamata ya kai ta, sai ya faɗi a babur aka ɗaure masa ƙafa. Da sandarsa ya rako mu tasha, ya riƙe ƙofar mota ya ce, "Barira, amana ce. Uwa guda gare ni." Ni kuwa da bakin nan nawa mai saurin alkawari na ce ya je ya kwanta, ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba.

Ku ƙawayena na Maraɗi, ku kuka fara cika min ciki da tsoro. Wannan ta ce a Najeriya ana sace takalmi mutum yana sanye da shi. Waccan ta ce kar in yarda da kwaɗon gidan baƙi, kowa yana da makullinsa. Babu wadda ta taɓa wuce Jibiya a cikinku, amma na hau na zauna. Na shiga kasuwa na zaɓi kwaɗo mafi girma, irin wanda 'yan hatsi suke rufe shago da shi. Makulli uku ya zo da su. Don tsabar wayo na bar biyu a gida kar su ɓace, na ƙulle ɗayan a haɓar zanena, ƙulli uku kamar yadda na saba.

Da sassafe muka tashi, mu bakwai a motar mutum biyar, da buhun albasa a kan ƙafata. Mun wuce Ɗan Isa lafiya. A kan iyaka wani jami'i matashi ya leƙo ya ce kowa ya fito da katin shaida. Gwaggo ta juya fuska wajen muryarsa.

"Yaro, ɗan wa kake a Katsina? Ni kakannina daga nan sunka hito. Ba baƙunta na zo ba, gida na komo."

Ya yi dariya ya ce, "Haka ne Hajiya. Amma ko mai gida in ya daɗe bai zo ba, ai ya yi sallama. A kawo katin."

Katin yana cikin lalitarta, lalitar tana ƙarƙashin zane uku. Sai da mata biyu suka yi mana labule da mayafi kafin na tono shi. Gwaggo ba ta damu da wannan ba, abin da ya tsaya mata shi ne an ce mata Hajiya. Ba ta taɓa zuwa Makka ba. Ta matso ta raɗa min, "Kin ji ko? Mutanen nan sun san darajar mutum." Daga nan har muka bar ƙasar kowa Hajiya yake ce mata, har mai sayar da rake, ba ta kuma gyara wa kowa ba.

Bayan Jibiya direba ya tsaya sayen man kwalba a bakin hanya. Bai kashe mota ba, wai batirinta ba shi da ƙarfi. Ana cikin ɗura mai, wani fasinja ya fita miƙe ƙafa, ya tsaya daf da wurin ya kunna taba. Mu masu ido babu wanda ya lura. Gwaggo ce ta ɗaga hanci.

"Wane marar jin magana ne ka shan taba kusa ga mai? Ku hitar da ni! In shi ya gaji da duniya, ni da sauran aikina."

Mutumin ya murje tabar da sauri yana ba da haƙuri. Ta ce ba za ta koma ciki ba sai an kashe motar an gama ɗurawa. Direba ya kashe yana ƙunƙuni, motar kuma ta cika alkawarinta, ta ƙi tashi. Haka muka tura ta, ni da mai tabar da sauran fasinjoji, Gwaggo tana zaune gidan gaba tana ce mana mu ƙara ƙarfi.

Kafin azahar muka shiga Katsina. Gari ne babba, tituna masu faɗi, ga keke mai ƙafa uku da suke ce wa kurkura ko'ina kamar tururuwa. Yaya Sanusi ya kwatanta min wani gidan baƙi kusa da asibitin, amma Gwaggo ta ce abin kunya ne jikar Katsinawa ta sauka a ɗakin haya. Tana da ɗan'uwa a Ƙofar Durɓi, Malam Lawal mai goro. Na tambaye ta yaushe rabonta da shi, ta ce ina goye a lokacin. Muka shiga unguwar muna tambaya. Malam Lawal uku muka samu, babu namu a ciki. A gida na uku aka ce wancan ya daɗe da komawa Kaduna wurin 'ya'yansa. Duk da haka matar gidan ba ta bar mu mun tafi ba sai da ta shimfiɗa tabarma, ta dama mana fura, ta gaishe mu gaisuwar da ta kai har kan awakin da muka baro. Takalmana suna bakin ƙofa tsawon lokacin nan, na kuma same su inda na bar su.

Dole muka nufi gidan baƙin da Yaya Sanusi ya kwatanta. Ginin ƙasa ne. Doguwar baranda ce rufaffiya a tsakiya, ɗakuna hagu da dama, ƙofofin ƙarfe, kowace taga an gindaya mata sandunan ƙarfe tana kallon tsakar gida. Mai kula da shi wani dattijo ne ɗan Filato, Baba Ɗanladi, wanda ya yi aikin kwana-kwana har ya yi ritaya. Al'adarsa ba ya ba baƙo ɗaki sai ya zaga da shi. Ya nuna mana ƙofar baya, ya nuna bokitan yashi, ya nuna jar tukunyar kashe wuta da ke rataye a bango. Ya ce ba a girki a ɗaki, ba a turaren wuta.

"Ɗakinku lamba shida. Daga nan ƙofa uku ce zuwa waje. Ki riƙe wannan, don in hayaƙi ya cika, ido ba ya aiki, da hannu za ki ƙirga."

Gwaggo ta ce, "Ni dama da hannu nike ƙirga tun bara waccan."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kam hamma nake yi, a raina ina cewa tsoho ya yi kewar aikinsa ne yake hucewa a kanmu. Da na zaro kwaɗona na rataya a ƙofar, ya ɗaga shi ya juya a hannunsa ya ce, "Mai kyau ne. Amma na rufe kaya ne, 'yata, ba na rufe mutum ba." Na ce to, kamar yadda ake ce wa manya.

Bari in faɗa muku abincinsu, tunda wasunku shi kaɗai ya dame su. Shayinsu ba irin namu ba ne na ɗan kofi mai ɗaci. Ƙaton kofi ake cika maka, madara har ya yi fari, a haɗa maka da taliya da ƙwai. Burodinsu kuma ba dogon nan mai ƙaras-ƙaras ba ne. Gwaggo ta matsa shi a tafin hannu ta ce, "Wanga ai katihwa ta." Ta cinye rabin katifar kafin in gama nawa shayin. Masarsu kam na sara musu, haka ma tuwon shinkafa da miyar taushe da wata mata take sayarwa a bakin layin.

Washegari muka wuni a asibiti ana gwaje-gwaje. Kwana na uku da safe aka yi mata aiki a idon dama, aka rufe shi da auduga da wani ɗan murfi, aka sallame mu kafin azahar. Likita ya ce mu dawo gobe a buɗe. Ya ja min kunne da abu uku: kar ta sunkuyar da kai, kar ruwa ya taɓa idon, kar ta kusanci hayaƙi.

A ɗaki na biyar, jikin namu, akwai wasu mata huɗu da suka zo biki. Mutanen kirki ne, har alkaki suka aiko mana. Sai dai tun jiya Gwaggo take cewa tana jin ƙamshin turaren wuta ta bango. Baba Ɗanladi ya ƙwanƙwasa musu sau biyu, suka rantse na kwalba ne. Ashe kaskonsu yana bayan katifa. Ran nan za su tafi kamu, suka zuba garwashi, suka kifa kabbasa a kai, kwandon nan da ake turara kaya da shi, suka lulluɓe shi da lesukan da za su saka gobe don su sha ƙamshi sosai. Mota ta zo tana ta hon, suka rufe ɗaki suka fice. Wace mace ce a cikinmu ba ta taɓa yin haka ba?

Ni ban san da wannan ba. Bayan azahar Gwaggo ta yi barci, ni kuma akwai maganin ɗigawa da ban samu a asibiti ba. Zanen jikina duk warin asibiti yake, na cire shi na jefa a kan jaka, na ɗaura wani. A bakin ƙofa na tsaya ina tunani. Tsohuwa ba ta gani, tana barci, ga baƙi suna shige da fice, ga maganganunku suna yawo a kaina. Na ce minti goma ne. Na ja ƙofa na danna kwaɗo. Kun san irinsa, ba ya neman makulli wurin rufewa.

Maganin na same shi nan da nan a wani kyamis. Abin da ya riƙe ni shagon atamfa ne da ke kusa da kyamis ɗin. Tela da zane sai Allah. Na ce a sauko da wannan, a buɗe wancan, ina ta ciniki kan abin da ba saya zan yi ba. Ina fitowa na ga mutane suna gudu wajen layinmu, na ɗaga kai na ga baƙin hayaƙi a saman gidan. Ban san inda na yar da takalmi ɗaya ba.

Na iske Baba Ɗanladi a tsakar gida yana ba da umarni. Ya riga ya kashe lantarkin gidan duka, ya kira 'yan kwana-kwana, ya fitar da sauran baƙi ta ƙofar baya. Ya juye jar tukunyarsa ta tagar ɗaki na biyar, amma wuta ta riga ta kama katifa ta hau silin. Yana ganina ya miƙo hannu.

"Makulli! Mama tana ciki, makulli!"

Na kai hannu haɓar zanena. Babu ƙulli. Na lalube ɗaya haɓar. A nan na tuna zanen da na jefa a kan jaka. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ban kuma taɓa tsanar kaina haka ba. Garin neman gira zan rasa ido, in rasa mai idon gaba ɗaya. Na ce, "Yana ciki, Baba. Yana ɗaure a zanena."

Bai zage ni ba, bai ma tsaya kallona ba. Ya ce wasu samari sun riga sun gwada kwaɗon da dutse kafin hayaƙi ya kore su, ko gezau bai yi ba, an tafi neman mai walda. Na zabura zan shiga barandar, ya damƙe hannuna ya ce wanda ya shiga hayaƙi a tsaye, a kwance ake fito da shi. Ya ja ni muka zaga tagar ɗakinmu.

Gwaggo tana tsaye tsakiyar ɗaki tana tari. Hayaƙi yana saukowa ta silin, ya taru a sama. Hancinta ne ya tashe ta, har ta lalubo butar alwala ta jiƙa ɗankwali ta toshe hanci ba wanda ya gaya mata.

Baba ya ce, "Mama, Ɗanladi ne. Yi ƙasa, iska mai kyau tana ƙasa."

"Likita ya ce kar in duƙa!"

"Kar ki duƙa. Zauna daɓas, kai a miƙe, ki ja jiki a zaune. Barira, gaya mata inda zanen yake."

Na ce ta bi gefen gado da hannun hagu har ƙarshe, jaka tana nan. Ta ja jiki a hankali, ta lalubo, ta ɗago wani zane. Na ce ba shi ba ne, ɗayan, mai ƙulli. Ta same shi, ta zauna ta fara kwancewa. Ƙullina kuwa kun san shi, ni kaina da haƙori nake kwance shi.

"Wace irin ɗiya ce ka ƙulli haka? Zinariya ce ciki?"

Ina ta ihu, "Ja ta ƙasan! A'a, ɗayan!" Baba ya ture ni gefe ya ce, "Mama, bar kwancewa. Miƙo zanen gaba ɗaya." Wannan dabarar ko kusa ba ta zo min ba. Ta biyo muryarsa, ta cusa zanen tsakanin ƙarafa, ya sa wuƙa ya yanke haɓar. Ya tsoma tawul biyu a randa, ya ɗaure ɗaya a fuska, ya ce mata ta ja jiki zuwa ƙofa ta jira shi. Sannan ya shiga barandar da rarrafe.

Ta taga nake kallo. Na ji ƙarar kwaɗo, na ga ƙofa ta buɗe, hayaƙi ya biyo shi ciki. Ya kama hannunta. Sai ta toge.

"Mayahina! Ba ni hita gaban maza ba mayahi."

"Mama, ba a komawa don kaya!" Ya lulluɓa mata jiƙaƙƙen tawul a ka, ya kare wajen idon da hannunsa. "Ga mayafi nan. Mu je."

Suka ɓace min. Na ruga ƙofar baya na tsaya ina salati. Daga baya ta ce ita ta riƙa ƙirga masa ƙofofi da hannu, don idonsa ya cika da hawaye ba ya gani. Ɗaya, biyu, uku. Sai ga su sun ɓullo, shi da rarrafe, ita tana jan jiki a zaune, kai a miƙe kamar amarya, da tawul ɗin gidan baƙi a ka. Jama'a suka ɗauki kabbara. Ni faɗuwa na yi na rungume ƙafafunta ina kuka, ta dungure min kai ta ce in tashi kar in jiƙa mata ido.

Motar kwana-kwana ta iso ta kashe sauran. Ɗaki na biyar ya ƙone ƙurmus, namu silin ya rufto a kan gadon da take kwance ɗazu. Ba wanda ya rasa rai. Da 'yan biki suka dawo da lallensu suna kururuwar lesuka, Baba ya bar su suka yi mai isarsu, sannan ya ce su gode Allah lesukan ne kawai. Mu kuma gidansa ya kai mu. Matarsa ta ba mu ɗakin 'yarsu, ta ba ni takalmi, ta kawo tabarma ta nuna mana gabas, ita da take zuwa coci.

Da safe muka koma asibiti gabana yana faɗuwa, don na karya dokar likita ta uku da hannuna. Na faɗa masa komai. Ya girgiza kai, ya ɗaye audugar a hankali, ya haska, ya ce murfin ya kare idon, sai ɗan ja da magani zai gyara. Gwaggo ta yi ta ƙifta ido. Ta dubi bango, ta dubi hannunta, sannan ta tsaya a kaina ta daɗe.

"Barira, ke ta wagga? Ashe kin yi hurhura."

Ma'aikatan suka fashe da dariya, ni na rasa dariya zan yi ko kuka, na haɗa duka biyun. Kafin mu tafi tasha ta ce sai an mayar da ita ta ga Baba Ɗanladi da idonta. Ta kalle shi sama da ƙasa ta ce da ta ɗauka dogo ne. Ta yi masa addu'a har sai da mai kurkura ya gaji da jira.

Da muka iso gida, 'yan barka suka cika tsakar gidan Yaya Sanusi. Gwaggo ta zauna a tsakiya tana ba da labari, tana kiran kowa da sunansa tun kafin ya yi magana. Ta ba da na iyaka, ta ba da na mai taba, ta kai kan wuta. Yaya Sanusi ya katse ta ya ce, "To Inna, me ya hana ki fita tun farko?" Na sunkuyar da kai ina jira.

Ta dube ni da sabon idon nan, ta ce, "Ƙohwa ta cije. Ka san ƙohwar ƙarhe." Ta ci gaba da labarinta.

Ta rufa min asiri, na kuma so in bar shi a rufe. Amma tun ranar nake jin ku kuna cewa ai dama kun faɗa, gidajen Najeriya ba abin yarda ba ne, ko ƙofarsu ba ta buɗuwa. Mutumin da ya shiga wuta da rarrafe don uwar da ba tasa ba, ba zan bari a ɗora wa gidansa laifina ba. Yaya Sanusi, na san wannan takarda za ta iso hannunka. Ƙofar lafiyarta ƙalau. Ni na danna kwaɗon, Innarka tana ciki tana barci.